“Kwamfuta ta ƙi”: wa ya koya mata ƙi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a burorin ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, kuma ina so mu masu karatun kwamfuta mu riƙa jin kunya duk lokacin da aka faɗe ta. Maganar ita ce: “Kwamfuta ta ƙi.” Mutum ya taso daga ƙauye tun asuba, ya biya kuɗin mota, ya bi layi har rana ta take, ya iso gaban tebur. Ma'aikaci ya danna, ya sake dannawa, ya ɗago kai ya ce: “Baba, ordinatar ta ƙi karɓar sunanka, sai ka dawo jibi.” Dattijon ya juya ya tafi ba gardama, don a ganinsa wannan akwati ya fi shi sani. Shi ma ma'aikacin haka ya ɗauka.

To ni rubuta manhaja ne sana'ata, da ita nake ci, kuma rabin kwanakina wajen gyaran abin da wasu suka rubuta suka gudu suke ƙarewa. Don haka bari in faɗa muku abin da ke cikin akwatin nan. Kwamfuta ba ta da ra'ayi a kan sunan kowa. Duk inda ta ƙi, wani ne ya zauna wata rana da kofin shayi a gefensa ya umurce ta da ta ƙi, ko kuma ya yi ƙyuya bai nuna mata yadda za ta karɓa ba. Wannan wanin kuwa sau da yawa ɗan uwanmu ne. Da tuwon hatsi ya girma, a nan ya yi bak, a nan ya yi lisans, sunan kakarsa ma manhajar tasa ba za ta iya rubutawa ba.

Ba na ganin laifin kowa don ya koyi aiki a YouTube. Dukanmu can muke kwana, muna kallon Ba'indiye ko Bafaranshe yana bayani. Abin da nake faɗa da shi shi ne kwafo fom ɗin tare da mutumin da ke cikinsa. Ku lura da mutumin nan na cikin bidiyo: yana da suna ɗaya da sunan dangi ɗaya, ya san rana da watan da aka haife shi, yana da imel, wayarsa tasa ce shi kaɗai, matarsa ɗaya, gidansa da lamba a kan titi mai suna, rezo kuma ba ya yanke masa. Don Allah a nemo mini shi a babbar kasuwar Maraɗi. Yanzu kuma ga ChatGPT ya shigo, ka ce masa ya yi maka fom ɗin rajista, cikin daƙiƙa goma ya miƙo maka wannan baƙon dai, sai dai in ka zauna ka gaya masa su wane ne mutanenka. Wanda bai taɓa lura da mutanensa ba kuwa, me zai gaya masa?

Mu fara da abu mafi ƙanƙanta, ɗan waƙafin nan na sama da ke cikin Sa'adu, Ma'azu, Isma'ila, A'isha. A harshen SQL, wanda da shi ake magana da rumbun bayanai, wannan alamar ce ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa. Idan ka ɗauki abin da mutum ya rubuta ka liƙa shi kai tsaye cikin umurninka, na'ura za ta karanta “Sa”, ta ga alamar, ta ɗauka sunan ya ƙare, sai ta tarar da wani “adu” da ba ta san inda za ta kai shi ba, sai ta tsaya. Haka za ta yi wa Birni N'Konni, haka za ta yi wa N'Guigmi. Me ƴan uwanmu suke yi in sun ga haka? Su ƙara layi ɗaya: an hana wannan alama a gurbin suna. Shi ke nan, wai an yi gyara. Ma'aikaci ya koyi goge waƙafin, Sa'adu ya koma Saadu, kowa ya huta.

Ba a huta ba wallahi. Kafar da sunan Sa'adu ya bi ya tsayar da manhajarka, ita ce ɓarawo zai bi ya karanta rumbunka kaf, ko ya share shi. Sa'adu gargaɗi ya zo yi maka kyauta, kai kuma ka kore shi ka bar ƙofar a buɗe. Maganin kuwa tsoho ne: ka aika umurni daban da gurabensa a buɗe, ka aika bayanan daban, rumbun ya cika guraben da kansa. Ga masu PHP, PDO yana yin wannan tun fitowar 5.1 a 2005. Maganin ya girmi wasu daga cikin masu riƙe da wannan takarda.

Sai baƙaƙenmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ake yi mana ƙaryar da ta fi kowace tsufa, wai kwamfuta ba ta san su ba. A da can gaskiya ne. ASCII, tsarin da Amurkawa suka fitar a 1963, gurabe 128 gare shi, kuma don Ingilishi aka yi shi. Daga baya Turawan yamma suka faɗaɗa zuwa 256, suka sami wurin é da ç da ñ, mu ba a sa da mu ba. Amma tun farkon shekarun 1990 Unicode ya ba kowane baƙi namu lambarsa: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ tana U+01B4, manyansu ma kowanne da tasa. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi da kusan duk shafukan intanet ke bi yau. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Wanda har yanzu yake cewa na'ura ba ta iya ba, a tambaye shi wace na'ura, ta wace shekara.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne wannan. A UTF-8, ɗ bayit biyu take ci. Idan wani ɓangare na manhajarka yana karatu da tsohon tsarin Windows na yammacin Turai, zai ɗauki bayit biyun nan a matsayin baƙaƙe biyu, sai “ɗan” ya fito “É—an”, “ƙasa” ta fito “Æ™asa”. Duk kun taɓa ganin irin wannan shirme a jerin sunaye da aka liƙa a bango. Wannan ma da sauƙi, bayanin yana nan, ana iya komar da shi. Wanda ya fi muni shi ne in ka ga “?an”. Alamar tambayar nan na nufin rumbun ya karɓi baƙin, ya duba bai ga gurbinsa ba, ya jefar. Ba mai dawo da shi. MySQL, wanda kusan kowane ɗalibi da shi yake aikin ƙarshen shekara, ya daɗe yana zuwa a saite da latin1, sai a fitowa ta 8.0 a 2018 aka mai da utf8mb4 ya zama na asali. Tsofaffin sabobi suna nan birjik, masu kwafo tsofaffin darussa ma suna nan.

Wurare huɗu ne dole bakinsu ya zo ɗaya: shafin da mutum ke rubutu, igiyar da ke tsakanin manhaja da rumbu, teburin da ke cikin rumbun, da fayil ɗin da kake fitarwa. Na ƙarshen nan shi ake mantawa. Ka fitar da CSV lafiya lau, sakatare ya danna shi sau biyu Excel ya buɗe, sunaye su watse, don ba ka sa alamar BOM a farkon fayil ba. Ka buga takarda a PDF, baƙaƙen su fito ƴan akwatuna, don salon rubutun da ka zaɓa ba shi da su, alhali ga Noto Sans, ga DejaVu, ga Charis SIL, duk kyauta. A PHP kuma strlen bayit yake ƙirgawa, strtoupper ba ya taɓa ɗ, sai ka nemi ƴan uwansu masu farawa da mb_. Duk wannan aikin yamma ɗaya ne. Yamma ɗaya!

Na san abin da za a ce: ai ko ba ƙugiya mutane suna ganewa. Mutum yana ganewa, don yana da hankali yana duba abin da ke gaba da baya. Amma je ka rubuta “an kai su fada” inda kake nufin “an kai su faɗa”, ko “baki” inda kake nufin “baƙi”, ka bar na'urar fassara ko ta karanta rubutu da murya ta yi aiki a kai, ka ga. Tun 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, da ƴ a cikinta, inda maƙwabtanmu na Najeriya suke rubuta 'y. A watan Maris na 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ba siyasa na zo yi ba, kowa da ra'ayinsa a kai. Tambayata ta sana'a ce: ranar da aka ce a buga takardun hukuma da Hausa, rumbuna nawa ne za su iya riƙe kalmar “ɗan ƙasa” ba tare da sun tauna ta ba? Mu ne za a tambaya, ba wani ba.

Wuri ɗaya ne na yarda a cire ƙugiya, shi ma da sani. Saƙon SMS na yau da kullum baƙaƙe 160 yake ɗauka. Da ka sa ƙ ɗaya tak, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70, in kuma ya rabu gida-gida, kowane gida 67. Ke nan saƙo mai baƙaƙe 150 da zai tafi a kuɗin ɗaya, ya koma kuɗin uku. Idan wata ƙungiyar manoma ce ke aika wa dubban mutane farashin wake kowane mako, wannan kuɗi ne na gaske. To a cire ƙugiyar a bakin ƙofa, lokacin aikawa, a bar rubutun cikin rumbu da ƙugiyarsa. Kuma mai kuɗin ne zai yanke, bayan ka yi masa lissafi. Akwai bambanci tsakanin wanda ya auna ya zaɓa da wanda bai ma san an yi zaɓi ba.

Yanzu sunan kansa. Takardunmu na haihuwa da rubutun Faransanci aka cika su: Ousmane, Aïchatou, Mahamadou, Djibo. Mai sunan kuwa a WhatsApp Usman yake rubutawa, ko Usmanu. Garuruwa ma haka: Tessaoua da Tasawa, Dogondoutchi da Dogon Dutsi, Madaoua da Madawa, balle Zinder da Damagaram da ko kama ba su yi ba. Malamar asibiti ta rubuta “Aisha” a gurbin nema, manhaja ta ce babu, sai ta buɗe wa matar sabon kati. Yanzu mace ɗaya kati biyu, maganin da aka ce jikinta ba ya so yana rubuce a wancan, likita yana duba wannan.

Kar ka ce za ka gyara wa mutane rubutun sunansu, ba hurumin ka ba ne. Ajiye shi yadda yake a takarda, harafi da harafi. Amma ka buɗe wani gurbi na ɓoye don nema kawai, inda “ou” zai koma “u”, “dj” ya koma “j”, “tch” ya koma “c”, “ch” ya koma “sh”, waƙafi ya faɗi, ƙugiya ta faɗi. A kula a nan: dabarar da darussan Faransanci ke koyarwa ta raba é zuwa e da alamarta ba ta aiki a kan ɗ da ƙ, don Unicode bai ɗauke su baƙi da ado a kai ba, baƙaƙe ne masu zaman kansu. Sai ka rubuta ɗan teburinka da hannunka. Layi goma ne ko sha biyar, kuma ba za ka same shi a wani bidiyo ba, don mai bidiyon bai taɓa jin sunan Tasawa ba.

Gurabe biyun nan kuma na “nom” da “prénom”, waɗanda muke kwafowa kamar saukakku ne, su ma a duba su. Yawancinmu ba mu da sunan dangi irin na Turawa. Sunan yanka gare mu, sai na uba, sai na kaka in an matsa. Wannan ma'aikaci ya sa sunan uba a “nom”, wancan ya juya, ɗalibi ɗaya ya zama mutum biyu tsakanin lakwal da jami'a. A ƙauye kuma je ka nemi mace da sunan da ke takardarta, a yi ta kallonka, kowa da laƙabi ya san ta ko da sunan ɗanta na fari. Me zai hana fom ya tambayi abin da muke da shi: sunanka, sunan mahaifi, sunan mahaifiya, sunan da aka fi saninka da shi? In hukuma na son “nom” da “prénom” a takardar da za a buga, manhaja ta haɗa mata a lokacin bugawa.

Ranar haihuwa ita ce ta fi ci mini rai, don a nan na ga an cuci mutane ido da ido. Iyayenmu da yawa takardarsu cewa take “né vers”, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Fom kuwa ya kafe sai rana da wata, don haka kowa a ba shi 01/01. Shi ya sa in ka buɗe kowane rumbu a ƙasar nan za ka rantse rabin dattawanmu ranar sabuwar shekara aka haife su. An taɓa kirana in duba jerin wata ƙungiya mai rabon abinci, mata suna ta zuwa suna cewa an rubuta su amma sunansu bai fito ba. Wanda ya rubuta manhajar ya sa mata wayo: in suna ɗaya ne, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne ya yi rajista sau biyu, a share ɗaya. A ƙasar da kowace unguwa ke da Hadiza ƴar Abdu fiye da ɗaya, kuma dukansu 01/01! Manhajar ta yi ta share mata masu rai, a rahoto kuma aka rubuta an kama masu maguɗi. Matan nan an gaya musu kwamfuta ta ƙi. Sun koma gida da buhu wayam, da sunan ɓarayi a kansu.

Ƙari a kan haka, na'urori da yawa daga 1 ga Janairu 1970 suke fara ƙirga lokaci, don haka gurbin da aka bari ba komai, in aka mai da shi sifili, 01/01/1970 yake fitowa. Ka ga yanzu ba ka iya bambance wadda aka haifa wajajen 1970 da wadda ba a tambaye ta ba sam. Gyaran ba wuya: shekara gurbinta daban, wata da rana a bar su in ba a sani ba, a sa alama cewa kintace ne. Kuma kada manhaja ta share mutum da kanta har abada. Ta ware waɗanda take zargi, ta miƙa wa ɗan adam ya je ya duba.

Lambar waya ma an mai da ita shaidar mutum, wai lamba ɗaya mutum ɗaya. A gida ɗaya mutum biyar na amfani da salula ɗaya. Ɗan kasuwa ɗaya kuma yana da layi uku, ɗaya ma na Najeriya ne, don wanda ke Ƙonni da Illela yake ciniki, na Maraɗi da Jibiya da Katsina. Ka kafe gurbinka a lambobi 8 na Nijar, ka kore shi. Ka ajiye lambar a matsayin adadi, sifilin farko na lambar Najeriya ya ɓace. Lambar waya rubutu ce, a ajiye ta da +227 ko +234 a gabanta. Gurbin mata kuma guda ɗaya da ake yi wa magidanci, ban ma san me zan ce ba. Ta biyun a ina za a sa ta, a gurbin ƴaƴa?

Kuɗi: sefa ba ta da gutsure, amma sai ka ga rasit an buga 1,500.00 irin na dalar Amurka, a ba wanda ya yi lakwal da Faransanci, inda waƙafi ke nufin ɗaya da rabi. Ajiye kuɗi da cikakken adadi, ka nisanci lambobi masu ɗigo, waɗanda in ka tara 0.1 da 0.2 suke ba ka 0.30000000000000004. In kuma manhajarka za ta yi magana da murya, ka tuna a kasuwa da dala ake ƙirga. Ka ce wa mai tumatir “ɗari”, 500 ta ji. Ka ce “jaka”, 1000. Fassara adadi kalma da kalma daga Faransanci rigima ce kake haɗawa tsakanin mutane biyu da ba su san ka ba.

Rezo da wuta ba sai na yi dogon bayani ba, kowa a jikinsa yake ji. Amma me ya sa muke rubutu kamar ba mu sani ba? Fom mai shafi biyar, malamin gona ya cika huɗu a tsakiyar daji, rezo ya ɗauke, komai ya tafi. SQLite yana cikin kowace wayar Android, kyauta: ajiye a waya tukuna, a tura in rezo ya dawo. Kuma kowane aiki a ba shi lambarsa tun daga wayar, don in mutum ya danna “aika” bai ga amsa ba ya sake dannawa, sabar ta gane abu ɗaya ne, kar a cire masa kuɗi sau biyu. Gwada manhajarka a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi wadda hotunan biki suka cika, irin ta gwaggonka. Wayarka ta ɗan birni ba ma'auni ba ce.

Wani zai ce: kai malam, mai aikin bai biya wannan ba, fom ɗin da ya ba ni na bi, kwana goma ya ba ni. Na ji, kuma na san yadda ake matse mu a farashi, a ce ai ɗan danne-danne ne. Amma yawancin abin da na lissafa ba ya ƙara ko kwana ɗaya in tun farko aka yi shi. Bayan shekara biyu ne yake zama aikin wata guda, lokacin da rumbu ya cika da alamun tambaya. Mai aikin kuma bai san akwai matsalar ba, don sanin nan ne ya ɗauke ka. Magini da aka ce ya yi gini a bakin gulbi, ya san ruwa na zuwa, ya yi shiru don ba a tambaye shi ba, me za ku kira shi? Faɗa masa, a rubuce. In ya ƙi, ya ƙi da saninsa.

Wani kuma zai ce mutane za su saba, ai dole a bi tsarin zamani. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro, don ma'anarta in na'ura da mutum suka saɓa, mutum ne ke da laifi. Ku dubi abin da ya faru a Birtaniya, ƙasar da ba ta rasa ƙwararru ba. A 1999 hukumar gidan waya ta can ta fara aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar tana nuna kuɗi sun ɓace a rassan da ba abin da ya ɓace. Masu riƙe da rassan suka ce ba su ɗauki komai ba, aka ce kwamfuta ba ta ƙarya. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900, wasu sun yi kaso, wasu sun sayar da gidajensu sun biya bashin da ba su ci ba. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Can fa akwai lauyoyi da ƴan jarida da suka bi maganar shekara da shekaru. Hadiza ƴar Abdu wa zai bi mata? A nan, tsakanin kuskurenka da cikin wani ba kowa sai kai.

Malamanmu ma ina da magana da su, cikin ladabi. Na zauna a sutunans da yawa. Ɗalibi ya haska manhajarsa a bango, launi ya yi kyau, maɓalli na motsi, ya shigar da “Test Test”, ranar haihuwa ta jiya, imel na ƙarya, komai ya wuce sumul, a tafa, a ba shi 17. Ba wanda ya ce miƙo allon rubutun in gwada. Ba wanda ya zare igiyar intanet ana tsakiyar aikawa. Awa guda ake yi ana gardama a kan girman harafin bangon mamuwar. Ranka ya daɗe, in ba a kayar da manhajar a ɗakin nan ba, a gaban layin mutane za ta faɗi, kuma a can ba maki ake rasawa ba.

Ku kuma ƴan uwana, kai da ke da kuke shirin aikin ƙarshen shekara, kar ku jira juri. Ku ɗauki littafi ku je inda manhajar za ta yi aiki, ku zauna kusa da mai cika rajista wuni ɗaya, ku ga abin da yake rubutawa a gefen takarda don gurbin bai ishe shi ba. Abin da ke gefen takardar nan shi ne aikinku. Ku haɗa mutum talatin na gwaji masu kama da mutanen unguwarku, ba sunayen gaske ba, amma masu irin matsalolin gaske, ku ajiye su a fayil, duk canjin da kuka yi ku sake bi da su. In kun gama ku ba abokan ajinku fayil ɗin, su ƙara nasu: ɗan Tawa ya san abin da ɗan Mirya bai sani ba, wanda ya fito Agadas zai kawo sunayen da ba mu taɓa tunani ba.

Ni dai in Allah ya sa ina cikin ɗakin ranar sutunans ɗinka, zan roƙi a miƙo mini allon rubutu. Mutumin da zan shigar sunansa Ma'azu, ana ce masa Ɗan Ƙwari, daga wani ƙauye kusa da Birni N'Konni. An haife shi wajajen 1958. Ba shi da imel. Lambar da zai bayar ta matarsa ta biyu ce, ta Najeriya, kuma maƙwabcinsa ya riga ya yi rajista da ita. Ina danna “aika” zan zare igiya, in mayar, in sake dannawa.